Yadda ake zana ƙatuwar zarra da biro da takarda tun kafin a je ga firiji

Ranar da na fara jin sunan ƙatuwar zarra, wato giant atom a kimiyyar kwantam, na ɗauka maganar girman jiki ake yi. Na yi makonni ina karatu da wannan fahimta, lissafi yana ƙin fita, kafin na gane cewa ba jiki ake aunawa ba, tazarar ƙafafu ake aunawa. Tun daga lokacin, duk ɗalibin da ya zo mini yana son shiga wannan fanni, ba na fara tara masa takardun masana. Biro nake miƙa masa da fallen takarda, in ce mu zana guda ɗaya tare. Abin da za mu yi da kai ke nan yanzu. Kalkuleta mai cos da sin ta wadatar.

Bari in share fage a taƙaice. Ƙwayar zarra ta halitta faɗinta kimanin kashi ɗaya cikin goma na nanomita ne (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), shi kuwa hasken da ido ke gani tsawon zangonsa tsakanin nanomita 400 ne zuwa 700. Wanda ya taso da rediyo ya san zango: gajeren zango mita 19, mita 31, wato tsawon igiya guda daga ƙololuwa zuwa ƙololuwa. To igiyar haske ta ninka zarra sau dubbai, saboda haka zarra tamkar ƙwayar gero ce a kan igiyar ruwa, dukkanta take tashi, dukkanta take sauka. Shi ya sa shekara da shekaru masana suka ɗauke ta a matsayin ɗigo. Ko da aka zo aka ƙera zarra ta hannu, irin wadda ake kira tiransimon da aka fito da tsarinta a Jami'ar Yale a 2007, ba ta sauya zani ba. Ita da'irar lantarki ce ta alminiyam, mai kafasita, wato ma'ajin caji, da mahaɗar Josephson, wato ƙarafa biyu da siririn shamaki a tsakaninsu, tana da matakan ƙarfi irin na zarra. Faɗinta ya kai ɗaruruwan maikuromita, amma igiyar maikurowef da take magana da ita tsawonta santimitoci ne. Har yanzu ɗigo ce.

A 2014 ne abin ya juya, a Jami'ar Chalmers da ke Gothenburg a ƙasar Suwidin. Ƙungiyar Per Delsing ta sa tiransimon ta yi magana da sauti maimakon haske, sautin da ke gudu a saman faifan galiyam asenaid da saurin kimanin mita 2900 a sakan. Sauti ya fi haske rashin sauri sau dubu ɗari, don haka zangonsa ya dawo ƙasa da maikuromita ɗaya, zarra ta fi igiyarta girma, tana taɓa ta a wurare da yawa. A wannan shekarar Anton Frisk Kockum da Delsing da Göran Johansson suka rubuta lissafin abin. An kuma lura cewa ba dole sai da sauti ba: a ɗauki magudanar maikurowef, wato layin da igiyar ke bi, a lanƙwasa ta kamar maciji, ta taɓa zarra a nan, ta tafi yawo, ta dawo ta sake taɓa ta. Kowace mahaɗa ni ƙafa nake ce mata. Zarra mai ƙafa biyu ko fiye, da tazarar da ta kai zango ko kusa da shi, ita ce ƙatuwa, ko da jikinta bai fi na sauran ba.

Fara da murya da sauri

Abu na farko, zaɓi muryar zarrarka, wato sau nawa take kaɗawa a sakan. Yawancin tiransimon suna zaune tsakanin gigahaz 4 da 8. Mu ɗauki gigahaz 5, wato kaɗawa biliyan 5 a sakan. Akwai dalilin da ya sa ba a sauka ƙasa sosai: ƙarfin ƙwayar haske ɗaya, wato foton, a gigahaz 5 daidai yake da ɗumin milikelbin 240, wato kusan rubu'in digiri sama da ƙarshen sanyi, firijin da ake aikin a cikinsa kuma yana sauka zuwa milikelbin 10 ko 20. Da wannan rata ne zarra ke zama shiru a matakinta na ƙasa har sai an tashe ta.

Na biyu, nemo saurin igiya a cikin magudanarka, kada ka rubuta saurin haske na sarari. Magudanar da aka saba yi siririn layin ƙarfe ne a shimfiɗe a kan silikon, da faffaɗan ƙarfe dama da hagu. Rabin filin lantarkinta yana cikin silikon, rabi yana sarari. Lambar da ke nuna yadda abu ke rage wa igiya sauri, ta silikon kusan 11.7 ce, ta sarari 1. Haɗa su ka raba biyu, 6.35. Tushen wannan 2.52. Raba mita miliyan 300 a sakan da 2.52, za ka samu kimanin mita miliyan 120 a sakan. Raba wannan da gigahaz 5: zangonka milimita 24 ne. Rubuta shi a saman takardar ka kewaye shi, domin duk abin da zai biyo baya da shi za a auna.

Taku da yoyo

Yanzu zana dogon layi, magudana ke nan. Zana da'ira a samansa, ka sauko da ƙafa biyu su taɓa layin, tazararsu L. Idan zarra tana ɗauke da ƙarfi, tana zubar da shi cikin magudana ta kowace ƙafa. Saurin zubarwar nan yoyo nake kiransa. Yoyon da ƙafa ɗaya za ta yi ita kaɗai mu sa masa γ.

Ka tuna mata biyu a bakin turmi ɗaya. Idan taɓarensu suna sauka tare, bugun ya haɗu ya yi ƙarfi. Idan lugude suke, ɗaya tana sama lokacin da ɗaya take ƙasa. Igiyar da ta fito daga ƙafar hagu tana tafiya dama, ta iso ƙafar dama, ta tarar da wata igiyar tana fitowa. Ko su sauka tare, ko su saɓa. Abin da ke yanke wannan hukunci shi ne zagaye nawa igiyar farko ta yi a hanya. Wannan ni taku nake ce masa, alamarsa φ, kuma φ = 2π × L ÷ zango. Yoyon zarra gaba ɗaya:

Γ = 2γ(1 + cos φ)

Tsaya ka dubi wannan layi da kyau, don rabin fannin yana cikinsa. Idan tazarar zango ɗaya ce cif, ko biyu, ko uku, cos φ ya zama 1, yoyo ya zama 4γ. Ba ninki biyu ba, ninki huɗu, domin tsayin igiya ne ke haɗuwa, ƙarfi kuwa yana bin tsayi sau tsayi. Idan tazarar rabin zango ce, ko ɗaya da rabi, ko biyu da rabi, cos φ ya zama −1, yoyo ya zama sifili. Zarra tana manne da magudana da ƙafa biyu, ƙofa a buɗe dama da hagu, amma ko ɗigo ba ya fita. Igiyar kowace ƙafa ta kashe ta 'yar'uwarta a waje.

Wannan shi ne abin da ƙaramar zarra ba za ta taɓa yi a buɗaɗɗiyar magudana ba. Ita gaba kura ce baya sayaki: ka ɗaure ta da magudana da ƙarfi, ta yi magana da kyau amma ta zubar da abin da ka ba ta ajiya nan take, ka sassauta, ta riƙe ajiya amma ba ta jin kira. Ƙatuwa tana da murya inda take surutu, da murya inda take shiru, kai ne kuma ke zaɓar inda kowanne zai faɗo.

Inda aka fi yin tuntuɓe

Kusan kowa, da ya ga lissafin nan, sai ya ce to a sa L ta zama milimita 12, rabin zango, an gama. Ni ma haka na rubuta a karon farko, kuma daidai ne a gigahaz 5 zarrar za ta yi shiru. Amma tambayi kanka: a ina za ta yi magana? Da milimita 12, ƙololuwar yoyo tana gigahaz 10. Tiransimon irin tamu ba ta kai can. Ka ƙera zarrar da ba za ka taɓa jin cikakkiyar muryarta ba.

Ana canja muryar tiransimon ne idan aka yi mata mahaɗar Josephson biyu a zobe, aka ratsa zoben da filin maganaɗisu, kamar yadda makaɗi ke matse tsirkiyar kalangu a hammata murya ta hau ko ta sauka. Amma matsin yana da iyaka, gigahaz ɗaya ko biyu ne abin da za ka yi aiki da shi cikin kwanciyar hankali. Saboda haka shiru da surutu dole su kasance maƙwabta. Ratar da ke tsakaninsu ita ce sauri ÷ (2 × L). Kana son ratar gigahaz 1? To L ta zama santimita 6, wato zango biyu da rabi. Gwada da kanka: a gigahaz 4 yoyo 4γ ne, a 4.5 ya sauko 2γ, a 5 sifili, a 5.5 ya koma 2γ, a 6 ya sake kai 4γ. Santimita 6 a kan faifan da faɗinsa bai wuce santimita ɗaya ba yana nufin lanƙwasa da yawa, kuma tsawon kowace kwana yana shiga lissafi. Auna tsawon ta tsakiyar layi, kwana da komai, ba tazarar da ido ke gani tsakanin ƙafafun ba.

Akwai ɗan ƙarin abu da ba na so ka manta. Igiyar da ta fita ta ƙafa ɗaya ta shiga ta ɗayar tana ɗan ture muryar zarra daga inda take, da gwargwadon γ sin φ. Gocewar Lamb ake ce wa wannan. A gigahaz 4 da 5 da 6 babu ita, a 4.5 tana ture muryar gefe guda da γ, a 5.5 ta ture ta ɗaya gefen. Ƙarama ce, amma idan ka ga awonka ya karkace kaɗan daga zanenka a tsakanin, ka fara zarginta.

Yanzu mu sa lamba ta gaske. A ce γ ta yi daidai da megahaz 2, wato idan ka ninka da 2π ka juya, ƙafa ɗaya za ta zubar da ƙarfin zarra cikin kimanin nanosakan 80. A ƙololuwa, nanosakan 20. A wurin shiru, a takarda, har abada. A zahiri me ke ɓata shirun? Abu biyu na auna, kuma sakamakon ya ba ni mamaki lokacin da na fara yi. Idan ka kuskure muryar da megahaz 10, taku ya goce da 0.03, yoyon da ya dawo kuma γ sau 0.03 sau 0.03 ne, kashi ɗaya cikin dubu. Wannan da sauƙi, gindin kwarin yana da faɗi. Amma idan ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kauri, shiru ba ya cika ko ka murɗa maganaɗisu yaya. Abin da ke saura shi ne (√γ₁ − √γ₂)². Bambancin kashi 20 cikin 100 tsakanin ƙafafu yana barin kusan kashi 1 cikin 100 na γ, wato zarrarka za ta zube cikin maikurosakan 9, alhali tiransimon mai kyau tana riƙe ajiya na gomman maikurosakan ko fiye. Don haka ƙoƙarinka ya fi yawa a kan daidaita kafasitocin ƙafafun biyu, su zama kamar an tsaga kara. Kuskuren tsawo kuwa maganaɗisu zai gyara: idan saurin da ka lissafa ya kauce da kashi 2 cikin 100, wurin shiru ya matsa da megahaz 100, sai ka bi shi can.

In ka ƙara ƙafafu, ƙololuwa tana hawa da yawan ƙafa sau yawan ƙafa, uku su ba da 9γ, shida su ba da 36γ, kuma tudun yana ƙara siranta. Da irin wannan ne ƙungiyar Christopher Wilson a Waterloo ta Kanada ta nuna a 2021 cewa za a iya sa mataki ɗaya na tiransimon ya yi yoyo da sauri, na kusa da shi ya yi a hankali, bambancin ya haura ninki goma, duk da ratar muryoyin biyu 'yan ɗaruruwan megahaz ce kawai.

Duba agogo kafin ka yarda da lissafin

Duk abin da muka yi ya ginu ne a kan zato ɗaya: cewa igiya tana isa daga ƙafa zuwa ƙafa tun zarra ba ta canja ba. Dole ka tabbatar. Lokacin tafiya T shi ne L ÷ sauri. Santimita 6 a saurin mita miliyan 120, rabin nanosakan ne. Raba shi da nanosakan 80, γT ya zama 0.006. Lafiya lau, ci gaba.

Da sauti kuwa labari ya sha bamban. Rabin milimita a saurin mita 2900 yana cin kimanin nanosakan 170, da γ irin tamu γT ya haura 2. A nan zarra ta riga ta zubar da yawancin ƙarfinta kafin igiyar farko ta iso ƙafa ta biyu, sannan abin da ta furta a baya ya dawo mata. Tana jin amsa-kuwwar kanta. Gustav Andersson da abokan aikinsa a Chalmers sun nuna wannan a 2019: zarrar ba ta zubewa a santsi irin yadda littattafai suka saba zanawa.

Ina roƙonka ka gwada wannan a kwamfuta, layi ashirin na yaren kwamfuta Python ya isa, kuma babu abin da ya taɓa koya mini fannin kamar shi. Ka sa tsayin kaɗawar zarra ya zama c, ya fara daga 1. A kowane ɗan taƙin lokaci, rage masa γ sau c na yanzu sau tsawon taƙin. Da zarar lokaci ya wuce T, ƙara rage masa γ sau e^(iφ) sau c na lokacin da ya gabata da T, shi ma sau tsawon taƙin. Sai ka ajiye tsofaffin lambobin a jere don ka riƙa komawa gare su, kuma ka zaɓi taƙin da zai raba T daidai ba saura, misali kashi ɗaya cikin dubu. Zana |c|². Sa φ = π da γT = 1. Za ka ga layin ya gangaro, ya yi gwiwa daidai a T, ya ɗan farfaɗo, sannan ya kwanta a 0.25. Ƙa'idar ita ce 1 ÷ (1 + γT)². Ina sauran? Rabi ya tsere dama da hagu a farkon lamari, kafin igiyoyin su haɗu su fara kashe juna. Rubu'i yana cikin zarra. Rubu'in ƙarshe yana tsaye a cikin magudana, tsakanin ƙafafu biyu, ba madubi ba bango, ba ya zuwa ko'ina. Na daɗe ina kallon wannan layi a allon kwamfutata a daren da ya fara fito mini, kuma har yau yana burge ni. Riƙe hoton nan a ranka, cewa igiyar zarra mai shiru tana zaune a tsakanin ƙafafunta kaɗai, domin da shi za mu yi mataki na gaba.

Kitso

Zarra ɗaya mai shiru ajiya ce kawai. Abin nema shi ne biyu su yi shiru ga duniya amma su ji juna. Kockum da Johansson da Franco Nori ne suka warware wannan a 2018. Zana zarra biyu, A da B, kowace da ƙafa biyu. Hanya uku ce kawai za ka jera ƙafafu huɗu a layi ɗaya. A ware: A, A, B, B. Goyo: A, B, B, A, wato B tana cikin A. Kitso: A, B, A, B.

Kafin lissafi, yi tunani da hoton ɗazu. Idan zarra A tana shiru, igiyarta tana tsakanin ƙafafunta, a waje babu komai. Idan a ware suke, ƙafafun B duka suna waje, babu abin da za ta ji. Idan goyo ne, ƙafafun B duka suna ciki, kowace tana jin igiyar A, amma B ma an daidaita ta a kan shiru, abin da ƙafa ɗaya ta ji ɗayar ta ji kishiyarsa, suka kashe juna. A kitso ne kaɗai ƙafar B ɗaya take ciki ɗaya take waje. Ta ciki ta ji, ta waje ba ta ji komai da za ta soke ba. Haka ita ma A take da ƙafa ɗaya a cikin filin B.

Yanzu tabbatar da biro. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ɗauki kowace ƙafar A da kowace ƙafar B, biyu-biyu, haɗuwa huɗu ke nan. Kowace haɗuwa tana ba da rabin γ sau sin na takun da ke tsakaninsu. Tara su, ka sami g, ƙarfin zancen da ke tsakanin zarra biyun. A kitsonmu, sa santimita 3 tsakanin kowace ƙafa da mai bi mata, don kowace zarra ta ci gaba da samun santimita 6 nata. A gigahaz 5, santimita 3 zango ɗaya da rubu'i ne, sin ɗinsa 1. Haɗuwa uku maƙwabta ne, sun ba da 1, 1, 1. Ta huɗu, ƙafar farko ta A da ta ƙarshe ta B, santimita 9, zango uku da rubu'i uku, sin ɗinsa −1. Jimla 2, sau rabin γ: g = γ. Yoyon A sifili, yoyon B sifili. Idan ka maimaita tarawar da cos maimakon sin, za ka sami yoyon tarayya, shi ma sifili. Yi irin wannan tarawa ga jerin a ware da na goyo a muryar shiru, za ka ga g ta mutu a dukansu. Kada ka karɓi maganata, yi da hannunka, minti biyar ne.

Da γ ta megahaz 2, idan ka ɗora ƙarfi a kan A ka kawo su murya ɗaya a gigahaz 5, cikin nanosakan 125 ƙarfin ya koma B gaba ɗaya. Ka tsayar da su a rabin hanya, nanosakan 62 da rabi, ta hanyar janye muryar ɗaya, sai su zama a sarƙe, halin kowace ya rataya a kan na ɗayar, irin sarƙewar da kwamfutar kwantam ke rayuwa a kanta. Bharath Kannan da ƙungiyar William Oliver a jami'ar MIT ta Amurka sun ƙera kitsattsun zarra biyu, suka wallafa a mujallar Nature a 2020, suka sarƙe su ta cikin buɗaɗɗiyar magudana da ingancin kashi 94 cikin 100. A ganina wannan ne gwajin da ya fitar da fannin daga abin sha'awa zuwa kayan aiki, domin zarrar da ta yi lissafi a shiru, ita ce kuma za ka murɗa zuwa ƙololuwa ta saki ƙwayar haske cikin magudana zuwa wani sashe na na'ura.

Wani gargaɗi a kan janye murya: da zarar ka ɗauke zarra daga gigahaz 5, ta fita daga shiru, ta fara yoyo. Janye ta kaɗan, gwargwadon abin da zai fi g nesa ba kusa ba amma bai fita daga gindin kwarin ba. Megahaz 30 ya ninka g sau 15, yoyon da zai jawo kuma bai kai kashi 1 cikin 100 na γ ba. Ko kuma ka tsara wa kowace zarra wurin shiru na biyu da za ta je ta fake.

Yadda za ka san zanenka ya fito

Idan Allah ya sa zanenka ya kai ga ɗakin gwaji, awon farko mai sauƙi ne. Ana tura siririyar igiyar maikurowef ta bakin magudana, a saurara ta ɗaya bakin, ana hawa da murya a hankali. Inda muryar ta dace da ta zarra, zarra tana mayar da igiyar baya, sai a ga rami a zanen abin da ya wuce. A Chalmers a 2011, da ƙaramar zarra guda, an toshe kashi 99.6 cikin 100 na abin da aka tura. Faɗin ramin shi ne ma'aunin yoyo. Murɗa maganaɗisu, maimaita, rubuta faɗin a kowace murya, ka ɗora a kan layin 2γ(1 + cos φ) da ka zana. Igiyar gwajin ta zama mai rauni ƙwarai, ƙasa da ƙwayar haske ɗaya a tsawon rayuwar zarra, don ƙwaya ɗaya take iya ɗauka a lokaci guda. In ka cika mata, sauran su wuce ta kanta, ramin ya cike, ka zaci ba ta nan.

Yayin da kake matsowa gigahaz 5 za ka ga ramin yana siranta, yana dusashewa, har ya ɓace ɗungurungum. Ba lalacewa ta yi ba. Zarrar da ba ta magana da magudana, ba ta kuma jin magudana, don hanyar fita ita ce hanyar shiga. A daidai wurin da ka sha wahalar ginawa, ba ka da ido ba ka da hannu a kanta. Tun ran gini ran zane: koma kan takardarka yanzu, kafin a narka alminiyam ko ɗigo, ka ƙara wa kowace zarra abu uku. Layin maganaɗisu na murɗa murya. Wani siririn layi nata na kanta da za ka ɗora mata ƙarfi ta cikinsa. Da ɗan akwatin amo na karatu, gajeren layi mai muryarsa daban, a ce gigahaz 7, wanda muryarsa ke ɗan gocewa gwargwadon matakin da zarra take. Da waɗannan za ka ɗora mata ƙarfi a gigahaz 5, ka jira, ka leƙa ta akwatin ka ga ko yana nan, ka ƙara tsawon jiran, har ka sami ainihin lokacin da take riƙewa. Wannan lambar ce za ka kwatanta da maikurosakan 9 ɗin da muka lissafa ɗazu, ka san ko ƙafafun sun fito daidai ko ɗaya ta fi ɗaya.